Shawarwari kan ɗaukewar al'ada

Ma'aikatan lafiya sun ce al'ada kan ɗauke tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma ba a cewa ta ɗauke sai an yi wata 12 cur babu jini. Kafin nan takan rikice, kuma ciki na iya shiga, don haka a ci gaba da tazarar haihuwa.

Abin da ya fi damun mata shi ne zafin da kan taso daga ƙirji zuwa fuska, da gumin dare mai hana barci. Raguwar isturojin, wato sinadarin jikin mace mai daidaita al'ada, ce ke kawo su. A rage yaji, goro da shayi mai zafi, a sa kayan auduga marasa nauyi, a ajiye ruwan sanyi kusa da gado.

Bushewar gaba kuwa, sun ja kunne sosai: kada a yi matsi da alif ko haɗin kayan mata, suna ƙara ƙaiƙayi da rauni. Man shafawa mai ruwa na kemis ya fi.

Ƙarfin ƙashi na raguwa, sai a yawaita nono, zogale da tafiyar minti 30 kullum.

Jini bayan shekara guda da ɗaukewa, ko ɗigo ne, a je asibiti ba tare da jinkiri ba, domin yana iya zama alamar ciwon dajin mahaifa.