Me ya sa narkewar alken ba ta hawa daidai kamar tafasarsa?

Assalamu alaikum malaman kimiyyar sinadarai. Don Allah a warware mini wani abu da ya ɗaure mini kai kwana uku ke nan.

Ina nazarin alken (alkanes, wato sinadaran da suka ƙunshi kabon da haidirojin kaɗai) masu doguwar sarƙar kabon. Wajen tafasa komai a fili yake: pentadeken mai kabon 15 yana tafasa a kusan digiri 271 a ma'aunin Celsius, hekzadeken mai kabon 16 a 287, heptadeken mai kabon 17 a 302. Sarƙa na tsawo, jan juna tsakanin ƙwayoyin na ƙaruwa, shi ke nan.

Narkewa ce ta gagare ni. Tetradeken mai kabon 14 yana narkewa a kusan digiri 6, pentadeken 10, hekzadeken 18, heptadeken 22, oktadeken mai kabon 18 kuma 28. In adadin kabon ya zama cika sai a yi babban tsalle, in mara ne kuma ɗan taki kawai.

Na karanta cewa masu cika sun fi jeruwa a matse idan sun daskare, amma na kasa hango hoton abin a zuciyata. Shin inda rukunin metil (kabon ɗaya da haidirojin uku) na bakin sarƙar biyu suke fuskanta ne sanadi? Kuma me ya hana wannan bambanci fitowa a tafasa? Wanda zai iya zana mini, na gode ƙwarai.