Tambaya: Ɗalibai 60, matakala ɗaya

Jama'a, a taimaka da shawara. Gidan tarihin namu tsohon gidan zama ne. Makaranta kan kawo ɗalibai 60, awa 2 kacal gare su. Mukan kasa su gida 4, kowane rukuni ya yi minti 25 a falo, madafa, bene, da tsakar gida inda suke taɓa kwafin kayan dā.

Benen ne ya ci mana tuwo a ƙwarya. Matakalar ƙunci gare ta, daɓen katakon sama kuma ba ya ɗaukar fiye da mutum 10. Sauran su yi cirko-cirko a ƙasa, masu sauka su yi kiciɓis da masu hawa, minti 10 ya salwanta. Jagorori 4 ne da mu, ƙarin rukuni ba zai yiwu ba.

Yaya za a tsara zagayen ba tare da cire benen ba?