Na ba VM (kwamfutar da manhaja ke ƙirƙira a cikin wata kwamfutar) katin GPU, wato katin hoto, amma Windows sai Code 43 yake nuna min

Ɗan_Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masana Proxmox, manhajar nan ta Linux da ake gudanar da VM a kanta, ku agaza min, yau kwana uku ina fama da abu ɗaya. Na haɗa kwamfuta a shagona nan Agege, i5-10400, sai na shiga Computer Village a Ikeja na sayo katin hoto na Nvidia, GTX 1660 Super, tokumbo, niyyata Proxmox ya zauna a ƙasa ni kuma in miƙa wa Windows 10 na cikin VM katin gaba ɗayansa saboda editin bidiyon biki da nake karɓa. Na kunna VT-d a BIOS, na sa intel_iommu=on a grub, VM ɗin q35 ne da OVMF. Windows yana ganin katin har sunansa ya fito a Device Manager amma da alamar nan mai ruwan ɗorawa, Code 43, wato Windows ya tsayar da katin saboda matsala, sikirin kuma baƙi ƙirin. Ga aikin wata amarya na yi alkawarin ranar Asabar, wallahi hankalina ba a kwance yake ba. Ko dai mataccen kati aka sayar min?

Abban_Hanifa:
Wa alaikumus salam. Kar ka yi saurin zargin mai kaya tukuna, ka fara gwada katin a Windows zalla ba VM ba. Sannan wace direba ka sa? Tsofaffin direbobin Nvidia in suka gane a VM suke sai su ba da Code 43, amma tun daga 465.89 ta watan Maris 2021 aka buɗe wannan ƙofar.

Ɗan_Agege:
Na gwada a kwamfutar maƙwabcina yallaɓai, lafiya lau yake aiki, direbar ma sabuwa ce shekaranjiya na sauko da ita.

Baba_Idi_Araba:
To ƙanena, kati lafiyarsa ƙalau, ina kyautata zaton Proxmox ne ya riga VM ɗin kama shi. Ina ka jona wayar HDMI lokacin da kake kunna injin? In a jikin katin take, to BIOS ya ɗauke shi a matsayin babban mai nuna hoto, Linux ya riƙe wani yanki na memorinsa tun wajen tashi, shi ya sa in VM ya zo karɓa sai ya tarar wuri da mai shi. Buga dmesg ka duba, in ka ga layi mai BAR da can't reserve yana ta maimaita kansa to shi ne.

Ka yi sa'a firosesarka ba mai F a ƙarshe ba ce, tana da nata mai nuna hoto a cikinta, UHD 630, shi ake kira iGPU. Shiga BIOS ka mai da iGPU na farko, ka jona monita a madabod. Wanda ba shi da iGPU shi ne zai ƙara initcall_blacklist=sysfb_init a grub.

Abu na biyu da mutane ke yawan mantawa, 1660 Super ba na'ura ɗaya ba ce a idon Linux, huɗu ce: hoto, sauti, USB da kuma mai kula da Type-C. Yi lspci -nnk, dukkansu huɗun sai ka ga vfio-pci, direbar da ke ajiye wa VM kati, ce ke riƙe da su, in ka ga nouveau ko snd_hda_intel to ba a gama ba. Sa lambobinsu duka a vfio.conf, ka yi update-initramfs -u -k all, ka sake kunnawa, a Proxmox ɗin kuma ka danna All Functions da PCI-Express.

Ɗan_Agege:
Allahu akbar! Baba Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Yadda ka faɗa haka na tarar, layin BAR ɗin nan ya cika min sikirin, kuma lambobi biyu kawai na sa a vfio.conf. Na gyara bayan sallar isha'i, ina kunna VM tambarin Windows ya fito ta HDMI ɗin katin, alamar ta ɓace. Yanzu haka bidiyon amarya na kan fita. Saura tambaya ɗaya, monita ɗaya gare ni, in ina shiga VM ɗin daga laftof a gida, ba monita a jikin katin fa?

Baba_Idi_Araba:
Amin. Nemi HDMI dummy plug, ɗan ƙarami ne kamar filas, ka cusa a katin zai ɗauka akwai monita a jone. Tambayi masu sayar da wayoyin kwamfuta a layin Otigba, cikin Computer Village.