Neman shawara kan hayar tsohuwar mota da direba a gaɓar Amalfi

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon waɗanda suka san kudancin Italiya.

A watan Agusta zan kai mahaifina da maiɗakina gaɓar tekun Amalfi, kuma burin Baba shi ne ya bi hanyar SS163 daga Sorrento zuwa Positano da Amalfi, sannan a haura Ravello, a cikin tsohuwar mota mai buɗaɗɗen rufi irin ta shekarun 1960, da direba. Matsalar ita ce, tun 2022 ake taƙaita zirga-zirga a wannan hanya lokacin cunkoson baƙi, inda ake duba lambar ƙarshe ta mota da kwanan wata, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 6 na yamma. Tasi da motocin haya masu lasisin NCC (wato lasisin bayar da hayar mota tare da direba a Italiya) ba su cikin dokar, amma kamfanin da na tuntuɓa ya ƙi faɗa mini ƙarara ko motarsu tana da wannan lasisi, alhali yana neman in biya rabin kuɗin tun yanzu. Sau uku ina rubuta musu, amsar ɗaya ce: kada in damu.

Wace takarda ya kamata in buƙata kafin in tura kuɗi, kuma inshorar irin wannan mota tana ɗaukar nauyin fasinja?

Akwai kuma batun girman mota. Tsohuwar Fiat 500, alal misali, ƙofa biyu gare ta, Baba kuwa yana fama da ciwon gwiwa, ga hanyar duk kwana ce a gefen dutse. Wace tsohuwar mota ce za ta ɗauke mu mu uku ba tare da ya takura ba?

Na gode, Allah ya saka da alheri.