Suyar gyaɗa a gida: ta yaya gishiri ke ratsa ƙwaya?

Uwargida, unguwar Zariya:
Assalamu alaikum. Tunda kaka ta yi kuma sabuwar gyaɗa ta cika kasuwannin Maraɗi, ina son in riƙa soya wa yara tiya guda a gida maimakon sayen ƙulli a bakin hanya. Abin da ke damuna shi ne gishirin yana tsayawa a kan ɓawo, da zarar an murza sai ya bi iska, ƙwayar ta fito lami. Ina roƙon waɗanda suka saba su faɗi yadda suke yi.

Hajiya mai sana'ar gyaɗa, Bagalam:
Wa alaikumus salam, ɗiyata. Gishirin da aka barbaɗa bayan an sauke ba ya ratsa gyaɗa, sai an ba ta shi tun tana ɗanya. Ni nakan narka gishiri a ruwan zafi, in zuba gyaɗar da na tsince, in bar ta kamar minti 10, sannan in tsane ta in shanya a kan buhu har ɓawon ya daina manne wa hannu. Idan hunturu ya shigo, kafin azahar ta bushe, amma da damina takan wuni, kuma wadda aka sa a kasko da laima sai ta turara maimakon ta soyu. Yashi nake ɗebowa daga Gulbi, in tankaɗe, in wanke, in bari ya yi zafi sosai a kasko kafin gyaɗa ta shiga. Daga nan juyi ne ba hutawa. Kada ki jira ta yi launin da kike so a kan wuta. Da kin murza ƙwaya kin ga ta soma ja kaɗan, ki tace ta da rariya, domin zafin da ta ɗauka zai ƙarasa ta a kan faifai.

Matar aure, Tibiri:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, na yarda da jiƙon, amma ni na bar yashi saboda maigida yana ƙorafin jin sa a haƙori. Garin rogo nake zubawa a madadinsa, yana raba zafi daidai, sai dai yana saurin ƙonewa, don haka garwashi kaɗan yake so.

Hajiya mai sana'ar gyaɗa, Bagalam:
Yashin da ya yi laushi da yawa ne ke maƙalewa, ƙanwata. Mai ɗan kauri za ki nema.

Malamin gona, Madarunfa:
Iyayena mata, zan ƙara abin da ya shafi tsinta, domin na fi ganin sakaci a nan. Duk ƙwayar da ta yamutse, ko ta yi baƙi, ko ta nuna alamar fumfuna, a zubar da ita, kada a ce wuta za ta gyara, saboda gubar da fumfunar ke haifarwa, wato aflatoksin, suya ba ta kawar da ita, kuma hanta take yi wa illa. Haka kuma kada a haɗa iri biyu a kasko ɗaya. Irin 55-437, wanda aka samo daga Senegal kuma manomanmu suka daɗe suna shukawa, ƙwayarsa ƙanana ce, takan ƙone kafin manyan su nuna.

Ɗaliba, asalin Gazawa:
A gidanmu aya muka fi soyawa, tunda a can ake noma ta. Wankin ne ya fi suyar wuya, saboda tsakuwa. Sai an rege ta a ƙwarya kamar shinkafa. Idan da sukari ake so, nakan dafa aya ko gyaɗa da ruwa kaɗan da sukari har ruwan ya ƙafe, sukarin ya koma gari, sannan in rage wuta in ci gaba da juyawa har ya sake narkewa ya lulluɓe ta. Yaji kuwa ba ya kama busasshiyar ƙwaya, sai an shafa mata ɗan mai tana da ɗumi.

Uwargida, unguwar Zariya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, saura ajiya: a me kike zubawa don kada ta yi sanyi?

Hajiya mai sana'ar gyaɗa, Bagalam:
A busasshiyar kwalba mai murfi, bayan ta huce sarai, domin idan aka rufe ta da sauran ɗumi, gumi ne zai sauko mata. Wadda aka shafa wa mai kuma a fara cinye ta, ita ce ba ta jimawa.