Shawarwarin da na tattaro wa ƙanena kan fitowar gaggawa daga ƙarƙashin ruwa

Ƙanena zai tafi Legas koyon nutso da tukunyar iska, shi ne jiya bayan isha'i muka zauna a majalisa nan gefen dam ɗin Tiga da wani ɗan garinmu da ya taɓa yin kwas ɗin, ga masunta biyu, aka yi ta ba shi shawara kan yadda zai taso in iskar tukunyarsa ta ƙare yana ƙarƙashin ruwa.

Abin da aka fi nanatawa, kada ka kuskura ka riƙe numfashi kana tasowa. Masuntan nan suka ce ai su haka suke yi tun suna yara, sai mutumin ya ce Baba naku daban ne, iskar sama kuka shaƙa kuka nutse, amma wanda ya shaƙi ta tukunya a zurfin mita 10, kafin ya iso sama ta ninka biyu a ƙirjinsa, in ya rufe baki huhu zai iya fashewa. Wallahi jikina ya yi sanyi. Ya ce ka bar abin shaƙar a bakinka, hannu ɗaya a sama, kana cewa aaah a hankali har ka fito, kuma kada ka wuce mita 18 a minti guda.

A kwamin wanka ake fara gwadawa, a kwance, tsawon mita 9, to ka maimaita har tsoro ya fita.

Amma ni wadda ta fi kwanta min, ka riƙa duba agogon iskarka, kuma kada ka yi nisa da abokin nutsonka, in taka ta ƙare tasa za ka fara nema. Da ka fito ka hura rigar nutsonka da baki, wato wadda ake cika wa iska don ta riƙe ka a saman ruwa.