Ɗan ƙanwata na kada kowa a ƙauye, amma jikinsa na mutuwa a filin Langa-Langa

Kawun Ɗan Kokowa, Garin Malam:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka taɓa ɗaura walki suka shiga fage da kansu.

Ina da ɗan ƙanwata, saurayi ne, a wani ƙauye ɓangaren Miriya ya tashi, yanzu yana hannuna nan Damagaram. Tun yana ƙarami yake kokowa. In an gama girbi aka buga ganga a ƙauyuka, da wuya ka sami sa'ansa da bai kai ƙasa ba. Yana da ƙugu, ya iya taɗiya, ya iya ɗauka, kuma ba ya gajiya da wuri. Ko a wajen horo nan cikin gari, manyan da suka girme shi ba sa son kamu da shi.

To bara aka kira su filin kokowa na Langa-Langa, nan Damagaram, don zaɓen mutum goma da za su wakilci jaha a gasar Takobi, wato babbar gasar kokowa ta ƙasar Nijar. Daren ranar bai runtsa ba, ina jin motsinsa har asuba. Da safe gudawa ta kama shi, ko koko bai iya sha ba. Na riƙe hannunsa a bakin fili, sanyi ƙalau, ga bakinsa ya bushe. Da aka kira sunansa a lasifika sai na ga wani mutum daban. Ƙafafunsa sun yi nauyi, yana ta ja da baya har alƙalin wasa ya yi masa gargaɗi. Jin gargaɗin nan sai ya afka ido rufe, aka juya shi, aka kada shi. Wanda ya kada shi ɗin kuwa yaro ne da yake kadawa a wajen horo.

Bayan haka ya ɗauki lokaci ba ya fita, abinci sai an matsa masa. Uwarsa ta ce asiri aka yi masa, tana so ta sai da akuya a nemi magani. Mai horas da su ya ce ragwanci ne, yaron ba shi da zuciya. Ni kuma na san yaron nan, ba rago ba ne. Zaɓen bana na tafe. Me ke kama mutum haka, kuma me zan yi masa?

Ɗan Zango:

Wa alaikumus salam Malam. Ni ina bayan mahaifiyarsa. Kokowa ba a shigarta da ƙarfin tuwo kaɗai, kowa ya ga irin layu da guraye da ake shigowa da su, da ruwan da ake zubawa a jiki kafin kamu. Mai ƙarfi ya tsaya ƙafa ta ƙi ɗaguwa, ai da walakin. A nema masa tsari wajen malamin kirki, a yi sadaka. Allah ya ba shi sa'a.

Tsohon Ɗan Kokowa, Matamaye:

Ɗan Zango, ba ni musu da addu'a, ni ma na ɗaura guru a zamanina. Amma Malam, abin da ka kwatanta ɗin nan duk ɗan kokowar da zai gaya maka gaskiya ya san shi, ko da kuwa ba wanda ya jefe shi da komai.

Ka duba bambancin wuraren biyu. A ƙauye ya san ƙasar da yake takawa, makaɗin maƙwabcinsu ne, masu kallo sun san shi tun yana tsirara. In ya faɗi yau, gobe akwai wata. A Langa-Langa kuwa dubban mutane ne a kansa, ga lasifika, ga masu ɗaukar hoto, ga kirarin da ake yi wa abokin karawarsa yana shiga kunnensa. Filin kansa sunan gwani yake ɗauke da shi, kuma duk yaron Damagaram ya tashi yana jin labarin Balla Harouna, gwanin kokowar Damagaram. Tun 1975 da aka fara gasar Takobi a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, abin ya zama na jaha da jaha, yanzu jahohi takwas ne, kowace da mutum goma. Yaro na shiga yana jin kamar garin duka aka ɗora masa a wuya. Da wannan nauyin yake kokowa kafin ma ya taɓa mutumin da ke gabansa.

Ɗaurin guru da kambu da muke yi, ban da abin da mutum ya yi imani da shi, akwai wani amfani da na lura da shi. Kullum da tsari ɗaya kake yi, wannan kafin wancan, kana karanta abin da ka saba karantawa. Kafin ka gama, hannunka ya sami aikin yi, hankalinka ya dawo jikinka. Ka sa ido kan Issaka Issaka na Doso, wanda ya ɗauki takobi na shida a Agadas ƙarshen 2023. Ƙarfi kam akwai masu shi da yawa. Abin da nake kallo wajensa shi ne rashin gaggawa: ko fili ya tsage da ihu, yana jiran lokacinsa.

Ga abin da zan yi in da ɗana ne. Zan riƙa kai shi filin ranar da ba kowa, ya taka yashin, ya zauna inda ake zama, ya bi hanyar da ake bi a shiga. Duk inda aka yi ƙaramar gasa mai taro zan sa shi, ko kyautar sabulu ce, don jiki ya saba da idon jama'a. A wajen horo a kawo makaɗi, a kira sunansa da ƙarfi, a sa yara su yi ta ihu. Sannan daren kamu ka kore masa ƴan uwa masu zuwa da "kada ka ba mu kunya". Wallahi maganar nan ta kada ƴan kokowa fiye da taɗiya. Kafin ya shiga, abu ɗaya tak za ka tuna masa: inda zai fara sa hannu. Ba takobi ba, ba kyauta ba.

Shi kuma mai horas da su, ka same shi a keɓe cikin mutunci. Kiran yaro rago a gaban abokansa ƙara masa abin tsoro ne, ranar kamu da shi zai shiga fili.

Mushen (Malamin) Wasanni, Sabon Gari:

Baba ya gama magana, zan ƙara ta ɓangaren jiki ne kawai. Idan mutum ya hango abin da yake tsoro, jiki na sakin wani sinadari da ake kira adiranalin. Zuciya ta ƙara bugu, jini ya ragu a ciki da fata ya nufi manyan tsoka. Daga nan ne sanyin hannu, bushewar baki da ruɗewar ciki suke zuwa. Jikin yaron shirin faɗa yake yi, kuma daidai gwargwado ana bukatar hakan, don wanda ya shiga fage jikinsa a sake shi ma kaye zai sha. Matsalar in ya yi yawa ne. Sai mutum ya fara sa wa kansa ido, yana tunanin ina zan sa ƙafa, alhali ƙafar ta daɗe da sanin aikinta. Motsin da yake yi a dunƙule sai ya kakkarye. Ka gaya masa wannan, Malam, don yaro in ya ji hannunsa ya yi sanyi ya ɗauka an gama da shi, tsoron ninkuwa yake.

Ka koya masa numfashi: ya ja ta hanci yana ƙirga huɗu, ya saki a hankali yana ƙirga shida ko takwas. Dogon sakin numfashi na rage bugun zuciya. Amma tun yanzu zai fara, kullum bayan horo, don ba a ranar kamu ake koyonsa ba. Kafin barci kuma ya rufe ido ya ga kansa yana shiga filin, har da gargaɗin alƙali, ya ga abin da zai yi bayan gargaɗin.

Ɗalibaina nakan ba su labarin Asamoah Gyan na Ghana. A gasar cin kofin duniya ta 2010, minti na ƙarshe da Uruguay, ya buga fenariti ya daki ƙarfen sama. Ƴan mintuna bayan haka, da aka zo bugun raba gardama, shi ya fara buga wa Ghana, kuma ya ci. Namu Alfaga na Nijar ma a wasan ƙarshe na taikwando aka doke shi a Rio a 2016, ya dawo da azurfa, a 2017 ya zama zakaran duniya a Koriya ta Kudu.

Malamar Asibiti:

Malam, ni abin da ya tsaya mini shi ne ƙin fita da ƙin cin abinci. Baƙin cikin kaye na ƴan kwanaki ba komai ba ne. Amma in ya wuce mako biyu ba barci, ba ci, ba ya sha'awar abin da ya saba so, ko ya fara cewa rayuwarsa ba ta da amfani, kada ku jira, ku kawo shi asibiti. Ba abin kunya ba ne. Simone Biles ta Amurka janyewa ta yi ana tsakiyar gasa a Tokyo a 2021 saboda halin da hankalinta yake ciki, ta nemi taimako, ta dawo ta ci zinariya uku a Paris a 2024.

Kuma don Allah ka sa ido kan abokai. Yaro mai irin wannan tsoro shi ake miƙa wa tramol a ce zai cire masa fargaba. Yana kama mutum ya kasa bari, yana jawo farfaɗiya, kuma tun Janairun 2024 hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta hana shi lokacin gasa.

Kawun Ɗan Kokowa, Garin Malam:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama, alhamdu lillahi yanzu yana ci, ya koma horo, kuma ban ga alamar ƙwaya ba, amma zan ƙara kula. Ɗan Zango, sadaka da addu'a ba za mu bari ba. Mushe, yau da dare zan zauna da shi kan numfashin nan. Baba, in ba damuwa ina so in kawo maka shi Matamaye. Maganar da zai ji daga bakin wanda ya shiga fage ta fi tawa shiga.

Tsohon Ɗan Kokowa, Matamaye:

Kawo shi, Malam, gida ne. Ya taho da walkinsa, akwai samari a nan da zai kama da su bayan la'asar, zan sa a kira makaɗi. Kada ka ce masa magani aka kawo shi, ka ce gaisuwa kuka zo. Ku taso da wuri kafin rana ta yi zafi.